Daga Tamburan Zango Zuwa Fiyanon Cikin Kwamfuta

A cikin sana'o'in da Hausawa suka gada kaka da kakanni akwai wadda ba ta da rumfa a kasuwa, ba a kuwa naɗa mata shugaba kamar yadda ake naɗa Sarkin Maƙera ko Sarkin Pawa, amma duk da haka babu fadar da ta taɓa cika fada, babu kuma bikin da ya taɓa yin armashi, in babu ita; ita ce sana'ar gyaran amo, watau ilimin da ke sa mutum ya dubi guntun icce da fatar ɗan akuya, ya san irin muryar da za ta fito daga cikinsu tun bai ɗaura su ba. Jama'a sun saba yabon mawaƙi saboda azancinsa, su yabi makaɗi saboda saurin hannunsa, alhali kuwa kafin azanci da saurin hannu sai an sami amon da zai ɗauke su, kuma wannan amo wani ne ya zauna ya ƙera shi da haƙuri. A zamaninmu sana'ar ta yi ƙaura ta shiga cikin kwamfuta, har samarin da ke riƙe da ita suna zaton daga Turai ta zo tare da na'urar, shi ya sa na ga ya kamata a bi sawunta tun daga inda aka fi sanin darajarta a ƙasar Daura.

Lokacin da jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya iso wannan yanki, wajen shekarar 1805, Malam Isiyaku ya karɓi birnin Daura, Sarkin Gwari Abdu, mai sarautar Daura a lokacin, ya fita da jama'arsa, zuriyarsa kuma, bayan sun yi zaman wurare dabam dabam a kan iyakar Damagaram, suka rarrabu, wani reshe ya tare a Ɓaure, babban reshen kuwa ya kafa fadarsa a Zango. Kusan shekara ɗari suka yi suna riƙe da sunan sarautar Daura ba tare da birnin Daura ba, ga rijiyar Kusugu a hannun wasu, ga sarakunan Damagaram a bisa kansu suna karɓar gaisuwa, har zuwa 1906 da Turawan Ingila suka mayar da Malam Musa gadon kakanninsa. Masanin nan M. G. Smith, wanda ya wallafa littafi a kan al'amuran Daura a 1978, ya nuna yadda mutanen Zango suka tsare tsofaffin sarautu da tsarin fada duk tsawon wannan zamani. To, sarkin da ba shi da ganuwar kakanninsa, ba shi da kasuwarsu, da me talaka zai shaida cewa har yanzu sarki ne? A ƙasar Hausa amsar a kunne take, domin ana iya aron rawani, ana iya sayen doki, amma tambari ba a buga shi sai ga mai shi, kakaki kuma ba ya tashi a ƙofar attajiri komai yawan dukiyarsa. Don haka mai ɗaurin tambari a fada irin ta Zango yana riƙe da wata hujja ta mulki wadda ba ta gaza ta magatakarda ba, kuma in fatar ta yi sanyi ta ba da amo maras kwarjini a ranar hawa, abin ya wuce kuskuren kiɗa, ya zama tawaya ga martabar gidan.

Malaman jihadi sun san ƙarfin wannan abu sarai. A cikin Kitabul Farƙi Shehu ya lissafa shagala da kaɗe-kaɗe da bushe-bushe cikin al'adun sarakunan da ya yi wa inkari, ko da yake an yi rangwame ga gangar da ake tara jama'a ko runduna da ita. Amma ba a daɗe ba sarakunan da suka gaji tutoci su ma suka rungumi tambari da kakaki da algaita, saboda sun tarar talakawa ba su gane sarauta sai da su. Kakakin ma daɗaɗɗe ne, gama Tarihin Kano ya ambace shi cikin abubuwan da Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, ya shigo da su.

Wanda ya taɓa zama kusa da mai ɗaurin kalangu ya ga cewa kowane mataki na aikinsa hukunci ne a kan amo. Zai zaɓi icce mai sauƙin sassaƙa wanda ba ya tsagewa, irin alilliba, a rarake cikinsa, a bar tsakiyar a tsuke, bakunan biyu a buɗe. Kaurin bangon da faɗin wannan ƙugu su ne ke yanke ko muryar za ta yi zurfi ko za ta yi kaifi. Sa'an nan ya nemi fatar ƙaramin akuya, domin ta tsoho ta cika kauri ba ta jin matsa, a jiƙa ta, a kankare gashin, a ɗaura a kan zobe, a ratsa tsarkiya daga wannan baki zuwa wancan, yana ja yana ƙwanƙwasawa da ɗan yatsa, kunnensa a karkace, har sai ɓangarorin sun daidaita. Duk hikimar kalangu tana cikin wannan tsarkiya, gama idan makaɗi ya rataye shi a kafaɗa ya matse ta, fatar ta ɗaure, murya ta hau. In ya saki, ta sauko. In kuwa ya buga sa'an nan ya saki kafin amon ya mutu, sai a ji ya zamo daga sama zuwa ƙasa. Harshen Hausa kuwa da hawa da sauka da faɗuwar murya yake rarrabe ma'ana, saboda haka gangar da ta mallaki waɗannan uku ta mallaki magana, ta iya kiran mahauci da takensa, ta iya yi wa manomi kirari a gayya har ya manta da zafin rana. Kotso kuma, wanda Narambaɗa da Ɗanƙwairo suka yi waƙoƙin fada da shi, baki ɗaya ne aka rufe masa, da hannu ake kaɗa shi, ana kuma manna danƙo a tsakiyar fatar don ya yi mata nauyi, amon ya zauna ya yi kumari. Mai goge yana rufe ƙwaryarsa da fatar guza, ya yi tsarkiya da izgar doki, ya goga mata ƙaro don ta kama, shi ya sa muryar goge ba ta fita sumul, kullum da ɗan ƙaiƙayi da huci a cikinta. Mai algaita kuwa, da kumatunsa a kumbure, yana shaƙar iska ta hanci alhali yana fitar da wadda ya tara a baki, don haka busarsa ba ta yankewa. Ga kuma sha'anin yanayi: da damina fata takan saki, sai an shanya ganga a rana ko an kara ta kusa da wuta, da hunturu ta ɗaure har a ji tsoron fashewarta. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da aka rubuta a littafi, ɗa ne ke ɗauka daga ubansa ta hanyar kallo da saurare da shan tsawa.

Garmaho da faifai da gidan rediyon Kaduna, wanda aka buɗe a 1962, da kuma kaset daga baya, sun yaɗa wannan amo zuwa inda makaɗan ba su taɓa takawa ba, amma ba su taɓa asalinsa ba, ɗaukarsa kawai suka yi kamar yadda yake. A wannan zamani ne kalangun Alhaji Mamman Shata ya game ƙasa, kuma sanannen abu ne irin ƙaunar da ke tsakaninsa da Sarkin Daura Muhammadu Bashar, wanda ya hau gadon a 1966 bayan doguwar sarautar Sarki Abdurrahman; har ma da Shata ya rasu a watan Yuni na 1999, a Daura aka yi masa sutura. A cikin wannan shekara ɗin dai kamfanin Sarauniya na Kano ya fitar da fim ɗin Sangaya, wanda waƙarsa ta shiga kowane lungu, kuma babu fatar akuya ko ɗaya a cikin kiɗanta. Ban faɗi haka don in ce wani ya kashe wani ba, sai don mai karatu ya ga daidai inda hanya ta rabu biyu.

Na'urar da ta kawo wannan sauyi tana da nata dogon tarihi. Tun a ƙarni na 9 'ya'yan Musa ɗan Shakir na Bagadaza suka siffanta wata sarewa mai busa kanta da ƙarfin ruwa, Alfarabi kuma, wanda ya rasu wajen 950, ya yi babban littafi a kan lissafin muryoyi da tazarar da ke tsakaninsu. Bafaranshen nan Fourier ya bayyana a 1822 lissafin da ke nuna cewa kowace irin girgiza mai maimaituwa, komai sarƙaƙiyarta, tarin ƙananan girgiza ne masu sauƙi; ma'anar wannan ga mai kiɗa ita ce amon algaita da na sarewa, ko da sun tsaya a kan murya guda, sun bambanta ne saboda yawa da ƙarfin 'ya'yan amon da ke raka uwar. Da wutar lantarki ta samu sai aka juya lissafin: in ana iya warware amo, ana iya kuma harhaɗa shi daga babu. Robert Moog na Amurka ya nuna na'urarsa a 1964. John Chowning na jami'ar Stanford ya gano hanyar da amo ɗaya ke girgiza wani har su haifi muryar ƙarfe da ƙararrawa, kamfanin Yamaha na Japan ya karɓi izinin amfani da ita, ya fitar da DX7 a 1983, shekarar da kamfanoni suka yi ittifaƙi a kan harshen MIDI wanda na'urori ke fahimtar juna da shi. Maƙwabtanmu na Nijar ma sun riga mu taɓa irin wannan, domin a 1978 Mamman Sani ya ɗauki kiɗansa na ogan lantarki a Yamai, gidajen rediyo da talabijin na ƙasar suka yi shekaru suna sa shi tsakanin shirye-shirye.

A Kano fim ne ya jawo na'urar. Bayan ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a 1990, masu shirya fina-finai suka ga waƙa da rawa irin na Indiya ne ke sayar da kaset, ɗauko makaɗan gargajiya kuwa yana da tsada da wahala, ga shi yawancin samarin, 'ya'yan malamai da 'yan kasuwa, ba su son a kira su maroƙa. Farfesa Abdalla Uba Adamu, wanda ya bi diddigin wannan tarihi, ya nuna cewa an fara da ƙananan na'urorin Casio, sa'an nan situdiyon Iyan-Tama ya sayi Yamaha samfurin PSR a cikin shekarun 1990, daga nan kuma sauran suka biyo baya. Jama'a suka raɗa wa abin suna fiyano, masu taɓa shi 'yan fiyano, waƙoƙin kuma nanaye. Alherin da ya zo da shi ba ƙarami ba ne, kuma rashin adalci ne a musa: ya buɗe ƙofar kiɗa ga wanda bai gada ba, ya ba mata mawaƙa wurin da za su yi sana'a cikin sutura a ɗaki, sha'irai masu begen Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, suka same shi mataimaki a gefen bandiri, mawaƙa irin su Aminu Ala suka ɗora masa waƙoƙi masu nauyin ma'ana, har sarakuna da 'yan siyasa suka karɓe shi.

Amma fiyano ya zo da wani sharaɗi da ba a lura da shi ba sai daga baya, shi ne cewa muryoyin da ke cikinsa an riga an ƙera su a wata ƙasa, an kulle. Ƙa'idar General MIDI ta 1991 ta tsara muryoyi 128, ta ware takwas kacal ga abin da ta kira kayan kiɗan al'ummu, a ciki akwai sitar da shanai na Indiya, da koto da shamisen na Japan, da kalimba, amma babu kalangu, babu goge, babu kakaki. Sai ɗan fiyano ya shiga kame-kame, ya ɗauki shanai ya tsayar a matsayin algaita tun da 'yan uwan juna ne, ya ɗauki wata gangar Latin Amurka ya ce ita ce kalangu. Kunne yakan yarda da kamannin, amma gangar nan bebiya ce, bugu ɗaya murya ɗaya, ba hawa ba sauka, ba ta iya kiran sunan kowa. Haka kuma maɓallan fiyano an raba su ne bisa ma'aunin Turai, tazara 12 masu daidai da juna, alhali mai goge da mai algaita suna sa yatsa a wuraren da ke tsakanin waɗannan maɓallai. Da haka, cikin shekaru kaɗan, aka wayi gari mai gyaran amo ya zama mai zaɓen amo, yana latsa lamba yana jiran abin da injiniyan Yamaha ya ga dama ya ajiye masa. A ganina wannan ita ce babbar asarar da aka yi, ta fi ƙaurace wa kalangun kansa ciwo, domin kayan kiɗa suna zuwa suna wucewa, amma in kunnen da ke hukunci ya mutu, da wuya a tashe shi.

Sai kuma Allah ya kawo kwamfuta. Kamfanin Steinberg na Jamus ya fito da tsarin VST a 1996, wanda daga 1999 ya ba da damar na'urar haɗa amo ta zama manhaja tsantsa; wani kamfani a Beljiyam ya yi FruityLoops, wanda aka sauya wa suna FL Studio a 2003, shi ne kuwa ya zama allon karatun yawancin samarinmu; Auto-Tune na 1997 ya ba muryar nanaye wannan karkarwar da aka san ta da ita. Daga baya manhajoji masu zurfi irin su Massive da Serum da Vital suka iso, kowace da ɗaruruwan maɓallai da layuka. A yau a garuruwan masarautar nan, daga Daura zuwa Zango da Mai'aduwa, ɗaki ɗaya mai katifar soso a bango, da kwamfutar cinya, da makirfo, da ɗan janareto a waje, ya isa a yi waƙar biki ko ta ɗan takara, a tura ta waya kafin magariba. Abin takaici shi ne yawancin masu wannan ɗaki suna mu'amala da manhajar kamar yadda iyayen gidansu suka yi da fiyano, suna ta juya shiryayyun muryoyi dubu, suna neman wadda ta yi kama da abin da ke ransu, alhali a karo na farko tun zuwan na'ura an miƙa musu icce da fata da tsarkiya a hannu, an ce su ɗaura da kansu.

Malaman tajwidi, da za su kiyaye lafazin Alƙur'ani mai girma, sun bi kowane harafi ta fuska biyu, mafitarsa da siffofinsa, har Ibnul Jazari ya ƙidaya mafita 17. Ba ina haɗa karatu da kiɗa ba ne, Allah ya kiyaye, tsarin binciken kawai nake nuni da shi, domin duk manhajar haɗa amo, komai yawan maɓallanta, a kan wannan rabo take. Akwai mafari, wanda ke haifar da girgizar. Akwai mataci, wanda ke rage wasu 'ya'yan amon ya bar wasu. Akwai kuma ma'aunin rayuwar amon, mai matakai huɗu: yadda yake tashi, yadda yake sassautowa, inda yake tsayawa, da yadda yake ɓacewa. Sauran duka rassa ne. Saboda haka nasiha ta farko ga mai koyo ita ce ya rufe taskar shiryayyun muryoyi, ya buɗe fanko, ya kunna mafari guda ɗaya tak, ya riƙa taɓa maɓalli ɗaya a lokaci ɗaya yana saurare, kamar dai yadda mai ɗauri ba ya jan tsarkiya biyu tare. In kuma ya sami shiryayyar murya da ta burge shi, ya kashe sassanta ɗaya bayan ɗaya har ya gano wanne ne ke ɗauke da sirrin.

A ɗauki kalangu, tun da shi aka fi zalunta. Jikinsa amo ne mai taushi, mai saurin tashi, mai mutuwa cikin ƙasa da daƙiƙa guda. A bakinsa akwai ɗan ƙyas na makaɗi, wanda ake samu da ƙyallin hayaniya gajere ƙwarai. A farkon bugu kuma muryar takan ɗan yi sama kafin ta zauna, saboda sandar ta ƙara ɗaure fatar na ɗan lokaci, don haka sai a sa ma'auni na biyu ya ɗaga murya ya sake ta nan take. 'Ya'yan amon fata ba su jeru bi da bi kamar na tsarkiyar molo ba; a lissafin fata mai da'ira na farkonsu yana kusan ninki 1.6 na uwar, na biyu kusan 2.1, wannan ne ya sa hanyar Chowning ta fi dacewa da su. Amma duk wannan gawa ce in ba a ba ta tsarkiya ba. 'Yar tayar nan da ke hannun hagu na fiyano, wadda ke lanƙwasa murya, galibi an ƙayyade ta ga tazara 2 kawai. A buɗe ta zuwa 7 ko 12, a sa hannun hagu ya yi aikin da hannun makaɗi ke yi a kan tsarkiya, sa'an nan a jarraba ta da jarrabawar da ba ta ƙarya: a faɗi sunan mutum da kirarinsa da baki, a kaɗa shi, a kira wani dattijo a tambaye shi abin da gangar ta ce. In ya gane, an yi kalangu.

Algaita kuwa ana fara ta da mafari mai kaifi, mai yawan 'ya'ya, a tace ƙasansa da can samansa a bar tsakiya inda hancinta yake, a hana manhajar fitar da murya biyu tare, a sa kowace murya ta zame cikin ta gaba ba tare da yankewa ba, gama mai algaita ba ya tsayawa numfashi. Kakaki muryoyi biyu yake yi, kwarjininsa kuwa yana zuwa ne daga abu biyu: matacin ya riƙa buɗewa gwargwadon ƙarfin busa, kuma a jera uku ko huɗu waɗanda suka ɗan saɓa wa juna kaɗan a murya da lokacin tashi, domin mabusan fada ba su taɓa tashi kamar an auna da ma'auni ba. A nan ne samari suka fi yin kuskure, suna tsammanin tsabta ita ce kyau, suna goge duk wani huci da zuza da kaushi, alhali magabata da gangan suke ƙara su, su rataya ƙarafa masu kacau-kacau a kan garaya, su shimfiɗa zare a kan fatar ganga don ta yi zuza. Goge da aka cire wa ƙaiƙayin izga ya zama wani abu dabam. Haka nan batun ma'auni: manhajojin yanzu suna karɓar gyaran kowace murya da ɗigo-ɗigo, tazara ɗaya an raba ta 100, saboda haka ana iya ɗaukar busar wani gwani, a auna inda muryoyinsa suke zama, a gina ma'aunin a kansu, maimakon a tilasta masa na Turai. Kada kuma bugu biyu su fito iri ɗaya sak. A ɗaura ƙarfin taɓa maɓalli a kan mataci da tsawon amo, a ƙara ɗan canji na ba-zata wanda kunne ba ya kamawa amma zuciya tana ji.

Akwai wani abu da mai ɗaurin tambari bai taɓa fuskanta ba, shi ne lasifikar waya. An yi tambari don fili, don a ji shi a ƙirji daga nesa. Mafi yawan masu sauraro a yau kuwa ta ƙaramar waya suke ji, ko ta rediyon mai shayi, waɗanda ba su iya fitar da amo mai kauri ko kaɗan. Dabarar ita ce a ɗan ƙona amon, a ƙara masa 'ya'ya a sama, domin kunnen ɗan Adam, in ya ji 'ya'yan, yakan cike uwar da kansa ko da ba ta fito ba. Amsa-kuwwa kuma a yi ta da ƙima, a tuna cewa ta soron ƙasa gajera ce mai ɗumi, ba irin ta manyan majami'un Turai da aka cika manhajoji da su ba. Fiye da kome, a bar wa murya wurinta, gama waƙar Hausa magana ce, kuma ko a gaban Shata, da zarar ya buɗe baki makaɗa sukan sassauta hannu.

Ragowar aikin ba a gaban kwamfuta yake ba. Har yanzu ana hawan Sallar Gani a Daura cikin watan Rabi'ul Awwal, tambura da kakaki da algaita suna fita, kuma har yanzu akwai masu ɗaurin ganga a ƙauyukan Zango da Ɓaure da Sandamu, ko da yake 'ya'yansu da yawa sun kama wasu sana'o'i. Ya kamata mai situdiyo ya ɗauki makirfonsa ya je gare su da ladabi, ya yi sallama, ya biya haƙƙin lokacinsu da na iliminsu, ya kuma san cewa abin da ya shafi tambari sai da izinin fada, kuma ba kowace waƙa ce ta cancanci a sa mata shi ba. Ya ɗauki kowace ganga da bugu mai taushi da matsakaici da mai ƙarfi, a matse da a sake, sau ɗaya da hunturu, sau ɗaya da damina. A jikin kowane ɗauka kuma ya rubuta isnadinsa, watau sunan wanda ya sassaƙa, da wanda ya ɗaura, da wanda ya kaɗa, da irin iccen, da irin fatar, da garin, da shekarar, ya bar wa makaɗin kwafi ɗaya a wayarsa kafin ya tashi.